Alƙalami, Bulala da Baƙon Gari: Waiwaye Kan 'Yancin 'Yan Jarida a Fatakwal, Anaca da Inugu

Gabatarwa

Duk lokacin da aka tayar da zancen 'yancin 'yan jarida a tsakaninmu, da yawa daga cikinmu mukan ɗauke shi tamkar wata rigima ce ta mutanen Legas, ko kuwa wani kaya ne da Turawa suka ɗauro mana daga ƙasashensu. Manomi yana fama da tsadar taki, ɗalibi yana fama da kuɗin makaranta, to ina ruwansu don an kama edita ko an garƙame gidan jarida? Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan fahimta tana buƙatar gyara. Za mu nemo hujjarmu ne daga garuruwa uku na kurmi, wato Fatakwal da Anaca da Inugu, inda 'yan'uwanmu Hausawa suka daɗe suna zaman fatauci. A waɗannan garuruwa aka yi wasu daga cikin manyan faɗace-faɗacen neman 'yancin alƙalami a Nijeriya, a cikinsu ne kuma Bahaushe ya sha ganin yadda labari marar tushe ke cin rayuka. Masu iya magana sun ce baƙo makahon gari. Mu kuwa za mu ƙara da cewa ɗan jarida mai gaskiya yana daga cikin 'yan jagoran wannan makaho, kuma ranar da aka karya ɗan jagora, makaho ne ke fara faɗawa rami.

Zuwan Hausawa Garuruwan Uku

Fatauci ne ya kai Bahaushe kurmi, kamar yadda ya kai shi Gwanja da Sudan. A Anaca, kogin Kwara ne ya zama hanya, domin 'yan kasuwa Hausawa da Nufawa sun riƙa gangarowa ta ruwa tun kafin a yi tunanin gadar da aka gama a 1965. Har yanzu sunayen titin Bida da titin Sakkwato a kusa da babbar kasuwar garin suna ba da shaidar wannan tsohuwar hulɗa. A yankin Fatakwal kuwa, maharban giwa Hausawa sun zauna a garin Elele tun wajen ƙarshen ƙarni na 19, wato tun kafin Turawa su kafa ita kanta Fatakwal ɗin gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya. Inugu kuma gawayin ƙasa ne ya haife ta. An gano shi a yankin Udi a 1909, aka shimfiɗa hanyar jirgi daga ma'adinin zuwa tashar ruwa ta Fatakwal a 1916, daga baya hanyar ta miƙe ta haɗe da ta Arewa. Ta wannan hanya shanu da wake da albasa suka riƙa gangarawa, manja kuma ya riƙa hawowa.

Sannu a hankali zango ya zama unguwa, unguwa ta yi masallaci da makarantar allo da Sarkin Hausawa. Mutanen gari suna kiran irin wannan unguwa Ama Awusa da harshensu. Zaman ya yi daɗi har ta kai ga Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko lokacin da aka ɗaga darajar garin a 1956. A ƙarƙashin jam'iyyar NCNC ya yi siyasarsa, kuma mutanen gari ne suka ɗaga shi. Ya kamata mu riƙe wannan a zuci, saboda abin da zai biyo baya.

Jaridun Farko da Dokar Tunzura Jama'a

A daidai lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, da Malam Abubakar Imam a matsayin editanta na Hausa, shi kuma Dokta Nnamdi Azikiwe yana ta baza jaridunsa a garuruwan Kudu. Ya kafa Eastern Nigeria Guardian a Fatakwal a 1940, ya kafa Nigerian Spokesman a Anaca a 1943. Waɗannan jaridu ba su sassauta wa Turawan mulkin mallaka ba, su ma Turawan ba su sassauta musu ba. Makaminsu shi ne dokar da ta haramta duk wani rubutu ko jawabi da zai sa jama'a su ƙi hukuma ko su raina ta, wadda za mu kira dokar tunzura jama'a. A watan Yulin 1945, ana tsakiyar yajin aikin gama-gari, gwamnatin Gwamna Richards ta hana buga West African Pilot da Daily Comet, dukkansu na Azikiwe. Bayan 'yan shekaru aka ɗaure wasu samari masu bin aƙidarsa da laifin tunzura jama'a, cikinsu har da Malam Habibu Raji Abdallah, wanda ya yi zamansa na aiki a Kano.

Ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta kan ma'aikatan haƙar gawayi a kwarin Iva da ke Inugu, suka kashe mutum 21. Jaridu ne suka hana a binne maganar tare da gawawwakin. Labarin ya bazu, aka yi zanga-zanga a Aba da Fatakwal da Anaca da Kalaba, dole hukuma ta kafa kwamitin bincike.

Wannan iska ta kaɗo har Arewa. A shekarar 1949 ɗin aka mayar da Daily Comet Kano, inda ta zama dandalin samarin da suka kafa jam'iyyar NEPU a watan Agustan 1950. Malam Magaji Ɗambatta, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar, yana cikin waɗanda suka yi aiki da jaridar. Ashe ke nan tun farkon lamarin, gwagwarmayar alƙalami a Gabas da gwagwarmayar talaka a Arewa sun sha ruwa a rijiya guda. Daga cikin wannan gumurzu ne kuma 'yan jarida suka ga wajibcin haɗa kai, suka kafa Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Nijeriya, wato NUJ, a Legas ranar 15 ga Maris 1955.

Darasin 1966

Shekaru goma kacal bayan naɗin Malam Umaru Altine, zaman tare ya wargaje. Ba za mu tsaya bin diddigin juyin mulkin watan Janairu da na Yulin 1966 ba, domin masana tarihi sun yi wannan aiki. Abu ɗaya ne ya shafe mu a nan. A ƙarshen watan Satumba na shekarar, gidan rediyon Kwatano ya watsa labarin cewa ana karkashe 'yan Arewa a Gabas, gidan rediyon Kaduna kuma ya maimaita labarin. Zukata dama a cike suke, sai ga labari ya iso ba tare da an tantance girmansa ba. Abin da ya biyo baya shi ne kisan dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa. Da waɗanda suka tsira suka isa gida da raunuka a jikinsu, sai fushi ya koma kan 'yan Arewa mazauna Gabas. A watan Oktoba, gwamnan soja na yankin, Laftanar Kanar Ojukwu, ya umarci waɗanda ba 'yan Gabas ba su fice, bisa dalilin cewa ba zai iya lamunce tsaron lafiyarsu ba. Unguwannin da aka shekara hamsin ana ginawa suka zama kufai, ba a kuma komo ba sai bayan da yaƙin basasa ya ƙare a watan Janairun 1970.

Abin lura shi ne, labarin da aka watsa da sunan tausaya wa 'yan Arewa mazauna Gabas, shi ne ya taimaka wajen raba su da gidajensu da dukiyoyinsu. Magana zarar bunu ce. A wancan lokaci kusan kowace babbar kafar labarai tana da ɓangaren da take karewa, ko na gwamnatin yanki ko na jam'iyya. Abin da aka rasa shi ne wakili mai zaman kansa wanda zai shiga Anaca ko Kano lami lafiya, ya gani da idonsa, ya ƙidaya, ya faɗa, kowane ɓangare kuma ya gaskata shi.

Bulalar Fatakwal

Ranar 30 ga Yuli 1973 jaridar Nigerian Observer ta Benin ta buga labarin koke-koken malaman makaranta na Jihar Ribas, wanda wakilinta na Fatakwal, Minere Amakiri, ya aiko. Aka yi rashin sa'a, ranar ta dace da zagayowar ranar haihuwar gwamnan soja na jihar, Alfred Diete-Spiff. Dogarin gwamnan, wani jami'in 'yan sanda mai suna Ralph Iwowari, ya sa aka kawo Amakiri gidan gwamnati, aka aske masa kai ƙarfi da yaji, aka tuɓe shi aka yi masa bulala 24, aka tsare shi fiye da kwana guda. Ba a ce ya yi ƙarya ba. Laifinsa shi ne ya ɓata wa mai girma ranar murna.

A zamanin soja ne, kuma an saba ganin wanda aka daka ya haɗiye kukansa. Amma wannan karo 'yan jarida suka tashi tsaye, ƙungiyarsu ta NUJ ta yi tsayin daka, jaridu suka riƙa nanata maganar har ta zama abin faɗi a ƙasa baki ɗaya. Lauya Gani Fawehinmi ya ɗauki shari'ar. A 1974 babbar kotun Fatakwal, ƙarƙashin Mai Shari'a Ambrose Allagoa, ta ba Amakiri gaskiya, ta yanke a biya shi diyyar kimanin naira 10,000. Kuɗin ba su ne abin kallo ba. Abin kallo shi ne kotu ta tabbatar, a ƙarƙashin mulkin soja, cewa kusanci da gwamna bai ba kowa ikon dukan mai ɗauko labari ba. Daɗin daɗawa, shari'ar ta nuna cewa ɗan jarida shi kaɗai tsinke ne, sai ya shiga cikin tsintsiya yake shara.

Daga Kotun Anaca Zuwa ta Inugu

Komawa mulkin farar hula a 1979 bai kashe dokar tunzura jama'a da Turawa suka bari ba. A 1982 wani marubuci kuma maɗabba'i, Arthur Nwankwo, ya wallafa littafi yana sukar yadda Gwamna Jim Nwobodo ke mulkin tsohuwar Jihar Anambra. Aka gurfanar da shi a babbar kotun Anaca da wannan tsohuwar doka, aka yanke masa ɗaurin wata 12. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Inugu. A 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin, ta kuma bayyana cewa dokar ta saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki da tsarin mulkin 1979 ya tanada. Mai Shari'a Olatawura ya nuna cewa dokar da aka yi don kare sarautar baƙi ba ta dace da 'yantattun mutane masu zaɓen shugabanninsu ba, kuma shugaban da ya ga an ɓata masa suna yana da hanyar kai ƙara kamar kowa. Har yau lauyoyi suna kafa hujja da wannan hukunci a duk faɗin ƙasar nan. Duk marubucin Hausa da ya soki gwamna a Kano ko Katsina, yana da rabo a inuwar bishiyar da aka dasa a Inugu, ko da kuwa bai taɓa jin sunan Nwankwo ba.

Zamanin Soja da Tasowar Ƙungiyoyin Sa-kai

Murnar ba ta daɗe ba. Dokar soja mai lamba 4 ta 1984 ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian kurkuku na shekara guda. Ranar 19 ga Oktoba 1986 aka kashe Dele Giwa na mujallar Newswatch da bam a cikin wasiƙa. A 1995 kotun soja ta ɗaure 'yan jarida huɗu, wato Chris Anyanwu da Kunle Ajibade da George Mbah da Ben Charles Obi, bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki. Ranar 10 ga Nuwamba na shekarar aka rataye marubuci Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a kurkukun Fatakwal, duk da roƙon da ƙungiyar marubuta ta duniya, wato PEN, da shugabannin ƙasashe suka yi. Bagauda Kaltho, wakilin mujallar TheNews a Kaduna, ya ɓace a 1996, ba a sake ganinsa ba. Ko bayan rasuwar Janar Abacha jini bai tsaya ba. Ranar 2 ga Satumba 1998 wani ɗan sanda ya harbe Okezie Amaruben, mawallafin mujallar Newsservice, a Inugu, a watan Afrilun 1999 kuma aka kashe Fidelis Ikwuebe yana ɗauko labarin rikicin Aguleri da Umuleri, 'yar tafiya kaɗan daga Anaca.

A cikin waɗannan shekaru ne ƙungiyoyi masu zaman kansu, waɗanda ba riba suke nema ba, suka shigo fage. An kafa Kwamitin Kare 'Yan Jarida, wato CPJ, a Amurka a 1981, aka kafa ƙungiyar RSF a Faransa a 1985, sai Article 19 a Landan a 1987. A gida kuwa, ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta CLO ta bayyana a 1987, ta kare haƙƙin kafafen labarai, wato MRA, ta biyo baya a 1993. Kada mu ɗauka duk daga Turai abin ya taso. 'Yan jaridar Afirka ne suka taru a Windhok ta Namibiya suka fitar da sanarwar 3 ga Mayu 1991, wadda ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wannan rana a 1993 don tunawa da 'yancin 'yan jarida. Haka nan kisan ma'aikatan gidan rediyon Faransa biyu a Kidal ta ƙasar Mali, ranar 2 ga Nuwamba 2013, shi ya sa aka keɓe wannan rana don yaƙi da barin masu kashe 'yan jarida suna yawo ba hukunci.

Waɗannan ƙungiyoyi ba su da soja, ba su da kurkuku. Aikinsu shi ne su rubuta suna da rana da wuri, su aika wa hukuma takardar koke, su nemo lauya, su tallafa wa iyalin wanda aka tsare, su kuma yi ta nanata sunansa har mai tsare da shi ya ji kunya. Chris Anyanwu tana kurkuku aka ba ta lambar yabo ta CPJ a 1997 da ta UNESCO a 1998, kuma a shekarar ta fito. Musa Kaka, wakilin rediyon Faransa a Nijar, ya shekara guda a tsare daga Satumba 2007, ana ta kiran sunansa a duniya har aka sake shi a Oktoba 2008. Daftarin dokar 'yancin samun bayanai da MRA da CLO da NUJ suka fara tsarawa a 1993 bai zama doka ba sai ranar 28 ga Mayu 2011. Shekara 18 ke nan ana bugun ƙofa guda. Rajistar CPJ kuwa ba ta tambayar ƙabila ko addini. Sunan Amaruben na Inugu yana ciki tare da na Zakariyya Isa na gidan talabijin na ƙasa, wanda aka kashe a Maiduguri a Oktoba 2011, da na Enenche Akogwu na Channels, wanda aka harbe a Kano ranar 20 ga Janairu 2012.

'Yanci da Amana

Mai karatu yana iya cewa, to ai wani lokaci jaridar ce da kanta ke kunna wutar. Wannan gaskiya ne, kuma mazauna Anaca sun fi mu saninta. A watan Satumba 2005 wata jarida a ƙasar Danmak ta buga zane-zanen ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, abin da ya ƙona zukatan Musulmin duniya. Ranar 18 ga Fabrairu 2006 zanga-zanga a Maiduguri ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka ƙona coci-coci, aka kashe mutane. Bayan kwana uku ramuwar gayya ta tashi a Anaca. Aka ƙona masallatai, aka kashe mutane da dama, waɗanda suka tsira suka tsallaka gada zuwa Asaba ko suka fake a barikin soja. Mai shago a Maiduguri da mai tsire a Anaca, waɗanda babu ɗayansu da ya taɓa ganin jaridar da ido, su suka biya bashin.

Saboda haka 'yanci ba ya tafiya sai da amana, kuma wanda ya riƙe alƙalami ya san cewa bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Amma tarihin da muka bibiya bai nuna mana wuri guda da bulala ko bindiga ta gyara aikin jarida ba. Abin da suke yi shi ne su kori mai bincike, su bar fili ga mai ji-ta-ji-ta. An ga haka a Oyigbo, kusa da Fatakwal, a watan Oktoba 2020, lokacin da aka ƙona ofisoshin 'yan sanda, aka kai wa 'yan Arewa hari, gwamnati ta sa dokar hana fita, soja suka shiga. A kwanakin da garin yake rufe, kowane ɓangare ya riƙa yaɗa nasa labari ta Facebook da WhatsApp, wasu da hotunan da babu mai iya cewa ga inda aka ɗauke su. Sai da 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan'adam suka sami shiga, sannan aka fara rarrabe abin da ya faru da abin da aka ƙara. Rediyon Kwatano guda ɗaya ne a 1966. Yau kuwa kusan kowa yana da irinsa a aljihu.

Kammalawa

Mun ga cewa a Fatakwal aka nuna wa mai bulala iyakarsa, a Anaca da Inugu aka karya lagon dokar da Turawa suka bari, a waɗannan garuruwa kuma Bahaushe ya ɗanɗani kuɗar labarin da ba a tantance ba. Akwai sauran aiki. An yi amfani da sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 wajen kama 'yan jarida da dama kafin a yi masa gyara a 2024, kuma har yau ba a hukunta kowa kan kisan Dele Giwa ba.

Mu da muke nazarin Hausa muna da namu kaso. Mafi yawan abin da aka rubuta kan unguwannin Hausawa na kurmi da Turanci aka rubuta shi, galibi kuma a ranar tashin hankali. Mazauna unguwannin kuwa da Hausa suke sauraron duniya, tun daga lokacin da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957. Ana buƙatar ɗalibanmu su je su zauna da Sarakunan Hausawa da dattawan zango, su rubuta tarihinsu tun suna raye. Ana buƙatar wakilai masu jin Hausa da harshen Ibo, waɗanda za su iya ƙaryata ƙarya tun ba ta isa tashar mota ba. Idan kuma muka ji an kama wani ɗan jarida a Inugu ko Yenagowa, wanda ba yarenmu ɗaya ba, ba addininmu ɗaya ba, kada mu ce ba ruwanmu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wataƙila shi ne wanda zai tsaya a bakin gadar Anaca wata rana, ya ƙidaya namu, ya faɗa wa duniya gaskiyar abin da ya gani.